Tarantulata ta yi saɓa: yaushe zan ba ta abinci, kuma me ya hana ta motsi?

"Assalamu alaikum. Ina karatu a Ingila, kuma a nan na sayi tarantula, wato babban gizo-gizo mai gashi, 'yar Meziko mai jan gwiwa, wadda mai shagon ya rubuta mini sunanta Brachypelma hamorii. Faɗinta daga ƙafa zuwa ƙafa ya kusa santimita 10. Ta ƙi cin abinci fiye da wata guda, sai ranar Lahadi da dare na tarar da ita kwance rigingine, har na ɗauka ta mutu. Da gari ya waye na ga kamar su biyu ne a akwatin, ashe saɓa ta yi. Yau kwana 3 ke nan ba ta motsi sai kaɗan, ta mimmiƙe ƙafafu ta lafe a ƙasa, cikinta ya motse, ƙafa ɗaya ta baya kuma kamar ta lanƙwashe. Zan iya jefa mata gyare, tunda ta daɗe da yunwa? In cire tsohon ɓawon? In canza mata ƙasa? Ko dai ba ta da lafiya ne?"

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayoyinka huɗu ne, amma tushensu ɗaya: me tarantula take buƙata tsakanin ranar da ta fita daga tsohon ɓawonta da ranar da sabon ya yi tauri? Bisa abin da ka bayyana, ban ga alamar rashin lafiya ba. Kada ka ba ta gyaren nan yanzu, kada ka taɓa ƙasar, ka tabbatar da akwai ruwa kusa da ita, sannan ka janye hannunka daga akwatin. Dalilan suna da ɗan tsawo, amma wanda ya fahimce su ba zai sake firgita ba idan saɓa ta gaba ta zo.

Abin da ya faru da ita a daren Lahadi

Gizo-gizo ba shi da ƙashi a cikin jiki. Ɓawon da ya lulluɓe shi shi ne ƙashinsa, kuma ban da fatar ciki wadda take ɗan buɗawa idan ya ƙoshi, ɓawon nan ba ya girma. Saboda haka makonni kafin saɓa jikin yakan fara gina sabon ɓawo a ƙarƙashin tsohon, mai laushi kuma a tattare, sannan ya narkar da ɓangaren ciki na tsohon ya tsotse abin da zai amfana da shi. Wannan ne lokacin da ta ƙi cin abinci. Da akwai sanƙo a bayan cikinta, wurin da take karkaɗe gashin ƙaiƙayi idan an dame ta, da ka ga ya rikiɗe daga ruwan ƙasa ya koma baƙi mai sheƙi, domin sabon gashi ne yake bayyana ta ƙarƙashin fata. Idan lokaci ya yi sai ta saƙa shimfiɗar yana, ta kwanta rigingine a kai, ta tura jini gaba da ƙarfi har murfin bayanta ya ɓalle, sannan ta zare fiƙoƙinta biyu da 'yan hannuwanta biyu na kusa da baki da ƙafafu takwas, sannu a hankali, wani lokaci cikin sa'a guda, wani lokaci sa'o'i masu yawa.

Abin da yawancin sababbin masu kiwo ba su sani ba shi ne, saɓar ba ta tsaya a waje kawai ba. Tana zare fatar da ta shimfiɗe cikin bakinta da maƙogwaronta da tumbin da take tsotsar abinci da shi, tana zare ta cikin huhunta huɗu, kuma idan mace ce har da ta ma'ajiyar maniyyi. Ke nan hanyar da abinci zai bi ita ma sabuwa ce, ɗanya, kamar sauran jikin.

Sai batun motsi. A manyan gaɓoɓi biyu na kowace ƙafa, gizo-gizo yana da tsokar da ke lanƙwasa ƙafar, amma ba shi da wadda ke miƙe ta. Matsin jini ne ke miƙe ta, kamar yadda mai ke ɗaga bodin tifa. Da wannan matsin ne ta fasa tsohon ɓawo, da shi ne kuma yanzu take hura sabon domin ya buɗe ya kai girman da zai daskare a kai. Ruwan da ya tafi wannan aiki daga ciki ya fito, shi ya sa ka ga cikin ya motse, ga kuma azumin wata guda da ta yi. Miƙewar da ka ga tana yi, ta lafe a ƙasa ƙafafun gaba sun yi gaba na baya sun yi baya, aiki ne take yi: tana daidaita gaɓoɓin kafin su yi tauri. Nakan ga nawa suna yin wannan miƙa mako guda ko fiye bayan saɓa, wani lokaci a wani irin yanayi da zai ba mutum dariya ko tsoro, su ɗan tattare, su sake miƙewa, su bi ƙafa ɗaya bayan ɗaya suna share ta da baki.

Kwanciyar da ta cancanci tashin hankali daban take. Ita ce ka ga tarantula a kan cikinta, ba rigingine ba, ƙafafunta sun naɗe sun shige ƙarƙashin jiki, tafukan suna fuskantar juna. Wannan yana nuna matsin jini ya faɗi, kuma mafi yawan lokaci rashin ruwa ne. Kada ka haɗa shi da tsugunon da take yi idan haske ko hayaniya sun dame ta, inda take ɗaga gwiwoyi ta rufe idanunta da su alhali tafukan suna dafe da ƙasa.

Launin fiƙoƙi ne ma'auni

Mutane suna son a ba su adadin kwanaki, kuma zan ba ka, amma abin da ya fi kwanaki tabbas shi ne launin fiƙoƙinta. Ranar da ta fito farare ne fat, masu laushin da za su iya lanƙwashewa. Bayan 'yan kwanaki sai su yi ja, jan ya yi ta duhu har ya koma baƙi wuluk mai sheƙi. Sai sun yi baƙi tun daga tushe har tsini ne suka isa aiki. Idan da sauran ja a tushen, da sauran jira.

Ba sai ka ɗaga ta ba kafin ka gani. Ka jira lokacin da ta jingina da gilashi ko take share bakinta, ka haska 'yar tocila daga gefe, ka duba ta ƙasa. Idan ta juya maka baya ko ta shige maɓoyarta, sai ka koma ga lissafi. 'Yan ƙanana da ba su wuce santimita 2 ko 3 ba sukan shirya cikin kwana 4 zuwa 7, matsakaita kwana 7 zuwa 10, mai girman taka kuma ni kwana 14 nake ba ta. Manya ƙwarai, irin Theraphosa blondi ta dazuzzukan arewacin Kudancin Amurka, sukan kai mako 3. Sanyin ɗaki yana jinkirta taurin, don haka a hunturun Ingila ƙara kwanaki ya fi ragewa.

Hatsarin gaggawa iri biyu ne. Na farko daga ita kanta yake: tarantula mai yunwa za ta iya cafkar gyare ko da fiƙoƙinta ba su nuna ba, su lanƙwashe ko su karye. Ba dafi kawai take zubawa da su ba. Da su take riƙe abin da ta kama, take murƙushe shi a kan 'yan haƙoran da ke jere a ƙarƙashinsu, tana kwarara masa ruwan narkarwa tana tsotsewa. Fiƙar da ta karye ba ta dawowa sai a saɓa ta gaba, kuma ga mai girman taka wannan yana iya kai shekara. Da fiƙa ɗaya takan iya ci. Idan biyun suka tafi, sai mai ita ya riƙa farfasa mata ƙwaro ya zama ruwa-ruwa yana ajiye mata a murfin kwalba, kuma ba kowace ce take rayuwa a haka ba. Na biyu daga gyaren yake. Gyare yana cin duk abin da ya samu, kuma tarantula mai laushin jiki da ba ta iya kare kanta nama ce a wurinsa. Cizo ɗaya a fatar ciki ya isa ya jawo zubar jinin da ba zai tsaya ba. Idan ma akwai wani da ya rage a akwatin tun kafin saɓar, yana ɓoye a bayan ɓawon itace, ka cire shi yau.

Batun yunwa kuwa, kada ka auna ta da kanka. Jikinta yana ƙona abinci a hankali ƙwarai, kuma an san 'yan uwanta na Chile, irin Grammostola, da ƙin cin abinci watanni da yawa ba tare da wata illa ba. Mako 2 a kan wata guda ba komai ba ne a wurinta.

Idan ranar ta zo, ka fara da ƙarami: gyare ɗaya ko kyankyason kiwo ɗaya wanda tsawonsa bai wuce na cikinta ba. Idan tsutsa ce ko irin kyankyason da ke nutsewa cikin ƙasa, ka murƙushe kansa tukuna, domin kada ya ɓace a ƙasa ya fito daga baya. Ka saka da yamma, idan gari ya waye bai ciwu ba ka cire, ka sake gwadawa bayan kwana 3 ko 4. Bayan nan za ka ga tana ci kamar ba za ta ƙoshi ba, kuma a nan ma sai ka riƙe hannunka. Gyare 1 ko 2 a mako ya wadatar har cikin ya kai girman murfin bayanta ko ya ɗan fi. Cikin da ya yi ƙiba fiye da kima shi ne yake fashewa idan ta faɗo daga jikin gilashi.

Ruwa, laima da zafi

Abu ɗaya da take buƙata daga gare ka a yanzu shi ne ruwa. Ka sa 'yar tasa marar zurfi, ka cika ta, ka ajiye ta inda za ta kai gare ta da taku kaɗan. Idan tasar tana nesa, ƙara wata kusa da ita ya fi ka matsar da dabbar. Kada ka sa soso ko auduga a ciki, ko da mai shago ya ce a sa; ba ta buƙatarsu, datti da ƙwayoyin cuta kawai suke tarawa, kuma gashin jikinta ba ya barin ruwa ya kama ta balle ta nutse a tasa irin wannan. Sau da yawa abin da tarantula take fara yi idan ta iya tafiya shi ne ta je ta kifa gabanta gaba ɗaya cikin tasar, ta daɗe a haka tana sha. Idan ka gan ta haka, ka bar ta.

Kada ka fesa mata ruwa a jiki, kuma kada ka jiƙa ƙasar duka da sunan taimako. Irin taka daga yammacin Meziko take, jihohin Colima da Jalisco da Michoacán, inda daji yake bushewa watanni da yawa a shekara, tana zaune a rami ko ƙarƙashin dutse. Busasshiyar ƙasa da tasar ruwa cike, sai kusurwa ɗaya da za ka ɗan zuba wa ruwa lokaci-lokaci, shi ke nan. A ganina, bin lambobin da ke jikin ɗan agogon auna laima da ake sayarwa tare da akwati ya kashe tarantula fiye da yadda ya ceta, domin mutum yakan toshe ƙofofin iska ya yi ta fesa ruwa don lamba ta hau, akwatin ya zama rumfar fumfuna. Ruwan da ke cikin jikin dabbar tun kafin saɓa shi ne yake sa ta fita lafiya.

Zafin ɗaki tsakanin digiri 21 da 26 a ma'aunin Salshiyas ya yi. Hitar ɗaki a lokacin sanyi tana busar da iska, tasar kan ƙafe da wuri, sai ka riƙa dubawa kullum. Kada ka ɗora akwatin a kan hita ko a taga inda rana ke bugawa, kada kuma ka shimfiɗa tabarmar ɗumama a ƙarƙashinsa, domin ɗabi'arta idan ta ji zafi ita ce ta tona ƙasa ta yi ƙasa, sai ta tarar da zafin a can. Ka kuma nisantar da ita daga duk wani maganin ƙwari, har da na ƙuma da ake ɗiga wa kyanwa ko kare a wuya, wanda yake iya biyo hannun mutum. Wanda yake kiwonta a gida Najeriya ko Nijar, nasa abokan gabar su ne maganin sauro na fesawa da na ƙonawa, da kiyashi da ke iya yi wa mai sabon jiki taron dangi, da bushewar hunturu.

Tsohon ɓawon

Ba ya cutar da ita, saboda haka babu gaggawar cire shi. Wani lokaci ma za ka gan ta riƙe da shi a baki tana tsotsar sauran danshin da ke ciki. Ka bari sai ta matsa daga wurin, ka sa dogon hantsaki ka ɗauke shi ba tare da ka ja yanar da take kai ba. Ka wanke hannu bayan haka kuma kada ka kai shi ido, domin gashin ƙaiƙayin yana nan a jikinsa da kan shimfiɗar da ta kwanta.

Kada ka jefar da shi kafin ka karanta shi, domin zai gaya maka abubuwa biyu. Na farko, ko saɓar ta cika. Ka ƙirga ƙafafu takwas, hannuwa biyu, fiƙoƙi biyu baƙaƙe, da murfin baya. Sannan ka duba tsakiyar ramukan da ƙafafu suka fito, daidai bayan baki: za ka ga wani ɗan siririn abu mai ruwan ƙasa a tsaye, da ɗan faɗi a ƙarshensa. Wannan shi ne fatar maƙogwaro da tumbin tsotsa, kuma ganinsa yana nufin hanyar abincinta ta fita lafiya.

Na biyu, mace ce ko namiji. Ka jiƙa ɓangaren ɓawon da ya lulluɓe cikinta a ruwa mai ɗigon sabulu na 'yan mintoci har ya yi laushi, ka buɗe shi a hankali da tsinke a kan farar takarda, fuskarsa ta ciki tana kallon sama. Za ka ga wurare huɗu farare, su ne huhu. Tsakanin biyun gaba akwai wani layi a kwance. Idan akwai ɗan leɓe mai ruwan ƙasa da yake ɗagawa idan ka sa tsinke a ƙarƙashinsa, mace ce; idan wurin sumul yake, namiji ne. Sanin wannan yana da amfani, domin macen irin taka tana iya wuce shekara 20, namiji kuwa da zarar ya yi saɓar balaga sauransa kamar shekara guda ko sama da haka kaɗan. Ana gane balagagge da kumburin da ke bayyana a ƙarshen hannuwansa biyu, da ƙugiya a ƙarƙashin ƙafafun gaba, da tsawon ƙafa da ƙanƙantar jiki. Shi ba ya damuwa da abinci sosai, yawo yake ta yi yana neman mace, kuma wannan ba ciwo ba ne.

Canza ƙasa kuwa, ka ɗage shi har sai ta ci abinci sau biyu ko uku, kamar wata guda ke nan. Canjin yana buƙatar a kore ta zuwa wani mazubi, za ta yi gudu, za ta hau gilashi, kuma duk wannan da jikin da bai gama tauri ba. Ɗaukarta a hannu ma haka. Ni ba na ɗaukar nawa ko a wane lokaci, domin ba ta samun komai daga hakan sai hatsarin faɗuwa, amma ko mai ra'ayin ɗauka ya kamata ya haƙura a wannan wata.

Ƙafar da ta lanƙwashe, da inda ya kamata ka sa hannu

Ƙafa takan lanƙwashe idan ta ɗan maƙale wajen fita ko ta daskare a karkace. Idan ba ta zubar da ruwa, ka ƙyale ta. Ko dai tarantular ta ci gaba da tafiya da ita haka har saɓa ta gaba ta gyara ta, ko kuma, idan tana damunta, ta cire ta da kanta daga gaɓar da ke kusa da jiki, inda wurin yake rufewa da kansa ba tare da zubar jini mai yawa ba. Wata sabuwa za ta fito a saɓa ta gaba, siririya kuma gajera, ta cika girma bayan saɓa 2 ko 3. Kada ka yi ƙoƙarin miƙe ta, kada kuma ka yanke ta a tsakiya.

Wurare uku ne kawai nake sa hannu. Na farko, idan guntun tsohon ɓawo ya manne a kan fatar cikinta, musamman ta ƙasa inda huhu suke ko ta ƙarshe inda take fitar da yana da kashi, nakan jiƙa buroshin zane mai laushi da ruwa mai ɗumi kaɗan, in shafa a kan guntun, in jira, in sake shafawa har ya saki da kansa. Ja da ƙarfi yana yage sabuwar fatar. Idan guntun a saman baya yake kuma bai toshe komai ba, yawanci ita take cire abinta. Na biyu, zubar jini. Jininta ba ja ba ne, ruwa ne garai mai ɗan shuɗi-shuɗi saboda jan ƙarfe ne ke ɗaukar iska a cikinsa maimakon baƙin ƙarfe, kuma za ka gan shi kamar ɗigon raɓa a gaɓa ko a ciki. Ka barbaɗa garin sitacin masara a wurin da bakin buroshi domin ya daskare, kada ka goge da takarda, sannan ka kusantar da ruwa. Na uku, naɗewar ƙafafu da na bayyana a sama. A nan sai ka matsar da ita a hankali har bakinta ya shiga ruwa marar zurfi, cikinta kuma yana waje a bushe, tunda ta ƙarƙashin ciki take numfashi. Wadda rashin ruwa ne kaɗai matsalarta takan fara warware ƙafafu cikin sa'o'i. Tsohuwar dabarar rufe ta a ƙaramin mazubi da jiƙaƙƙiyar takarda ba na ba da shawararta ga irin taka ta busasshen daji.

Duk abin da na faɗa na gina shi ne a kan bayaninka, ban ga dabbar da idona ba, kuma lanƙwasar da ba ta da illa da raunin da ke tsiyaya a hankali suna iya kama da juna a rubuce. Idan ka ga ɗigon ruwa yana dawowa bayan ka sa gari, ko wani farin abu mai yauƙi a bakinta, ko tafiya mai karkarwa kamar ba ta iya sarrafa ƙafafunta, ka ɗauki hoto mai kyau ka nuna wa likitan dabbobi da ke duba irin waɗannan halittu, ko ka tuntuɓi ƙungiyar masu kiwon tarantula ta Birtaniya, wadda ke da mambobin da suka daɗe a harkar. Ka kuma sani cewa fashewar ciki babba ba ta da magani, kuma wata takan mutu a saɓa ko bayanta ba tare da mai ita ya yi kuskuren komai ba.

Ka rubuta ranar da ta yi wannan saɓar a jikin akwatin. Tazarar da ke tsakanin saɓa da saɓa za ta riƙa tsawo yayin da take girma, daga 'yan watanni zuwa shekara, a tsufa ma har shekara 2, kuma ranar da ka rubuta ita za ta gaya maka ko ƙin cin abinci na gaba shirin saɓa ne. Halinta ma yana iya canzawa: wadda da take da sanyi tana iya fitowa da saurin karkaɗa gashi, tunda sanƙon ya cike da sabo, kuma za ta kai wa duk abin da ya motsa cafka da saurin da ba ka saba gani ba. Saboda haka ranar ciyarwar farko ka saki gyaren daga dogon hantsaki ya faɗi a gabanta, kada ka riƙe shi har ta cafka, domin sabuwar fiƙa tana iya karyewa a kan ƙarfen.